Tsohon karena ya daɗe yana jinya, tausa da naɗa masa bandeji za su sa ya samu sauƙi kuwa?

Maman_Zaki:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka taɓa jinyar kare mai doguwar cuta, ko likitocin dabbobi in akwai su a nan, don ni kam abin ya fara fin ƙarfina.

Karena Zaki ya haura shekara 12, tun yana ɗan kwikwiyo yake hannuna. Likita ya ce amosanin gaɓɓai ne ya kama masa ƙugu da ƙafafun baya, kuma da aka yi gwajin jini kwanakin baya aka ga ƙodarsa ma ta fara rauni, toh dai ba warkewa za a yi ba sai lallaɓawa, haka aka faɗa min kuma na karɓa. Yana shan magungunan da aka rubuta masa, da rana ba laifi yakan ɗan taka ya fita ya yi fitsari ya dawo, amma dare ne matsalar. Sai ya kwanta ya tashi, ya kwanta ya tashi, ya yi ta zagaye yana haki alhali ba zafi ake ba, wani lokacin ya tsaya cak a tsakiyar ɗaki ƙafafun bayansa na rawa ya ƙura wa bango ido, in ya zo kwanciya kuma sai ya yi wani irin nishi da har cikin raina nake jin sa. Shi bai yi barci ba ni ban yi ba.

Na ga wasu bidiyo a YouTube inda ake yi wa karnuka wata irin tausa a hankali da yatsu, wai TTouch, sannan a naɗa musu bandeji a ƙirji da baya, sai ka ga kare ya yi lamo har ya fara gyangyaɗi. Wallahi raina ya biya amma tsoro nake ji kar garin neman gira a rasa ido. Shin akwai wanda ya gwada? Yaya ake naɗa bandejin, kuma minti nawa ake barin sa a jiki? Zan iya barin sa ya kwana da shi tunda daren ne ya fi wahala? Sannan ta yaya zan gane ko taɓawar da nake masa daɗi yake ji ko haƙuri kawai yake yi da ni, don shi ba mai faɗa ba ne, ko me ka yi masa shiru zai yi. Nagode, Allah ya bar zumunci.

Tsohuwar_Hannu:

Wa alaikumus salam Maman Zaki, sannu da jinya, Allah ya ba shi sauƙi ke kuma ya ba ki lada. Na yi jinyar tsofaffin karnuka kuma na yi amfani da wannan hanyar, don haka bari in faɗa miki abin da na sani.

Wata mata ce 'yar Kanada, Linda Tellington-Jones, ta ƙirƙiro ta. Asalinta mai horar da dawakai ce, a shekarun 1970 ta yi karatu a wajen Moshe Feldenkrais wanda yake koyar da mutane yadda za su gyara motsin jikinsu, daga nan ta fara gwadawa a kan dawakai, zuwa farkon shekarun 1980 ta fito da wannan taɓawar ta zagaye, sai abin ya bazu har kan karnuka da kuliyoyi. Na kawo wannan ne don ki gane ba tausa ba ce irin wadda ake murza tsoka da ƙarfi, fata kawai ake motsawa, kuma nan ne mutane da yawa suke kuskure, su zo su danna kare mai ciwon gaɓoɓi da iya ƙarfinsu su ce ai tausa ce.

Ga yadda ake yi. Ki zauna a gefensa, ba a gabansa kina leƙa fuskarsa ba. Hannu ɗaya ki ɗora a jikinsa ki bar shi a nan kawai, ɗayan kuma ki ɗan lanƙwasa yatsunki ki ɗora tafin yatsun a kan kafaɗarsa. Ki ɗauka akwai fuskar agogo ƙarama a wajen, ki fara daga ƙarfe 6 wato ƙasa, ki tura fatar a hankali ta zagaya ta dawo 6, ki ɗan wuce zuwa 9, shi ke nan zagaye ɗaya da kwata. Sai ki ɗan tsaya ki ja numfashi, ki saki, ki matsa gaba kaɗan ki sake wani. Yatsun ba sa zamewa a kan gashi fa, fatar ce take tafiya tare da su. Kuma ba a maimaita wa waje ɗaya ta yi ta yi.

Maganar ƙarfin hannu, ki rufe idonki ki ɗora yatsa a kan fatar idon ki motsa ta da mafi sauƙin taɓawar da za ki iya, wannan shi ne mataki na 1 a ma'aunin ƙarfin taɓawa na masu TTouch. Kare mai ciwo ni ba na wuce 2 ko 3, kuma sau da yawa ɗayan nan ya isa. Za ki ji kamar ba ki yin komai, haka ake so.

Kar ki fara da ƙugun da yake masa ciwo. Ki fara da inda ya saba jin daɗi, kafaɗa, gefen wuya, ƙirji. In ma yana ɗari-ɗari ki yi da bayan hannu, ya fi tafin hannu rashin tsoratarwa. Abin da na ga ya fi aiki a wajen nawa shi ne kunne: ki tallafe kansa da hannu ɗaya, ki riƙe gindin kunnen tsakanin babban yatsa da sauran, ki zame a hankali har ƙarshen kunnen, ki sake daga wani gefen har ki gama duk faɗinsa. Wata tsohuwar karyata da na yi jinya in na fara mata wannan, sai in ga goshinta da ya tattare ya sake, bakinta ya rufe hakin ya tsaya, ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya ta ɗora haɓa a kan ƙafata. Amma ki fara duba kunnen, in akwai wari ko ja ko yana yawan kaɗa kai to kar ki taɓa, ciwon kunne ne sai likita.

Ga cinyoyin baya kuma akwai wata da nake so, ki shimfiɗa tafin hannu gaba ɗaya a kan cinya, ki ɗan ɗaga fatar da naman sama kaɗan, ki riƙe kamar sakan 4, sannan ki sauke a hankali, saukewar ta fi ɗagawar daɗewa. Tsokar da ta wuni a ƙage tana ɗaukar nauyin gaɓar da ta lalace tana samun ɗan hutu.

Toh bandeji. Ki nemi mai talewa irin wanda ake ɗaure targaɗe da shi, ba mai manne wa gashi ba. Ƙaramin kare mai faɗin inci 2, matsakaici 3, babba 4. Ranar farko kar ma ki naɗa, ki ba shi ya sansana, ki ɗora masa a gadon baya ki cire, ya gane ba abin cutarwa ba ne. In kin zo naɗawa yana tsaye, ki sa tsakiyar bandejin a gaban ƙirjinsa, ki ɗago bakin biyu su haye kafaɗu su gitta a saman baya, su sauko ta bayan ƙafafun gaba su sake gittawa a ƙarƙashin ciki, su hau sama ki ɗaure. Ƙullin ya kasance a gefe, kar ya zauna a kan ƙashin baya, in fil za ki sa ki tabbata bakinsa ba ya kallon fata. In namiji ne kamar naki ki lura kar ya rufe masa wajen fitsari.

Babban abin shi ne kada ya matse. Ya kwanta a jiki kawai, tafin hannunki ya shiga ƙarƙashinsa ba tare da kin yi kokawa ba. Ba ɗaurin karaya ba ne, ba kuma zai riƙe masa ƙugu ba, amfaninsa ya riƙa jin wani abu na taɓa shi daidai wa daida a jiki, kamar dai yadda jariri yake yin tsit in an nannaɗe shi a zani. Ki fara da minti 2 zuwa 5, in ya saba ki kai 15 ko 20. Kwana da shi kam a'a, sam, ba a barin kare da bandeji in ba a wajen, zai iya zamewa ya shaƙe shi ko ya harɗe masa ƙafa ya faɗi, ko ya tauna ya haɗiye. Ni abin da nake yi, in an kusa kwanciya in naɗa, in yi taɓawar yana sanye da shi, in na ga ya sake in kwance a hankali in bar shi ya yi barcinsa.

Ɗan_Auta:

Anti ta yi bayani mai kyau amma ni dai zan ƙara abu ɗaya, ba kowane kare ne yake so ba. Nawa da na sa masa sai ya sandare a tsaye kamar an dasa shi, ba motsi ba haki, mutanen gida suna ta cewa kai ka ga ya natsu, amma ni da na kalle shi da kyau wutsiya ta shige tsakanin ƙafafu, kunnuwa sun kwanta baya, farin idonsa ya fito yana kallona ta gefe. Wannan ba natsuwa ba ce tsoro ne ya daskarar da shi. Ina cirewa ya girgije jiki ya tafi ya ɓuya. Na bar bandejin gaba ɗaya, shafar kunne da ƙirji kawai nake masa kuma da kansa yake zuwa ya nema. Waɗancan bidiyon da kike gani karnukan da abin ya karɓa ake nunawa, wanda bai karɓa ba ai ba wanda zai ɗora bidiyonsa. Ki gwada amma ki sa ido, in kin naɗa ki kira shi ya ɗan taka, in ya iya tafiya yadda ya saba har ya karɓi abin da kika miƙa masa to lafiya, in ya ƙi motsi ki cire.

Likitan_Dabbobi:

Hajiya sannu da ƙoƙari. Ba na hana taɓawa da bandeji, ina ma ƙarfafa masu jinya su riƙa yi, amma akwai abin da ya kamata ya zo kafin su kuma shi na fi so ki ɗauka daga maganata.

Abin da kika kwatanta, zagaye da dare, haki ba tare da zafi ba, kasa samun kwanciyar da ta yi masa, rawar ƙafa, a wajenmu wannan alamar ciwo ce da maganin bai gama rufewa ba har sai an tabbatar da akasin haka. Kare ba ya kuka don yana jin ciwo mai daɗewa, yawanci shiru yake yi ya canja hali, shi ya sa masu shi suke ɗauka tsufa ne kawai. Hannunki zai rage masa fargaba, ya sassauta tsokar da ta ƙage, ya sa ya ji ba shi kaɗai ba ne, kuma waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne don tsoro da tashin hankali suna ƙara wa ciwo zafi, amma gaɓar da guringuntsinta ya cinye tana nan yadda take. Ki koma wajen likitansa ki faɗa masa daidai yadda kika faɗa mana, a sake duba maganin da lokacin ba shi, wani lokacin ma matsar da awar da ake ba da shi ne kawai don ƙarfinsa ya kai tsakiyar dare.

Kuma tunda ƙoda ta shigo ciki lissafin ya canja. Magungunan kumburi da muka fi ba karnuka masu amosanin gaɓɓai, irin su meloxicam da carprofen, suna iya ƙara wa ƙoda mai rauni nauyi, don haka ko dai a rage ana bibiya da gwajin jini ko a sauya. Akwai wani maganin ciwo mai suna gabapentin, shi ma ta ƙoda yake fita daga jiki don haka akan rage yawansa. Akwai kuma wata allurar rage ciwon gaɓa ta wata-wata mai suna bedinvetmab da aka amince da ita a Turai a 2020, a Amurka a 2023, ba ko'ina ake samun ta ba kuma ita ma tana da nata abin lura, likitanki ne zai auna ko ta dace da shi. Abin da nake roƙonki, komai tsananin dare kada ki ɗauko maganin mutane ki ba shi. Ibuprofen da diclofenac suna fasa wa kare ciki su kashe ƙoda, a kare irin naki ƙwaya kaɗan ta isa ta yi ɓarna. Paracetamol ma sai da awon likita. Haka man zafi da ake shafawa a gaɓa, kar ki haɗa shi da tausar, zai lashe ne ya shiga cikinsa.

Ba ciwon gaɓa kaɗai ke hana tsohon kare barci ba. Ciwon ƙoda yana kawo tashin zuciya, za ki ga yana lasar leɓe yana haɗiyar yawu ko ya je wajen kwano ya sansana ya juya, kuma akwai maganin wannan. Yana kawo hawan jini, a auna masa. Sannan tsayawar nan ya ƙura wa bango ido da juya dare ya zama rana, a shekarunsa yana iya zama ruɗewar tsufa ce ta ƙwaƙwalwa, ita ma akwai abin da ake yi a rage ta. Duk waɗannan daga waje kamanninsu ɗaya, shi ya sa nake cewa a duba.

Kafin ki sa masa komai a ƙirji ki ƙirga numfashinsa yana barci. Ki kalli haƙarƙarinsa, ɗagawa da saukewa ɗaya ke nan, ki ƙirga na sakan 30 ki ninka biyu. Kare mai lafiya yana barci ƙasa da 30 yake yi a minti. In kullum yana haura haka, ko yana tari da dare, ko cikinsa ya kumbura da ruwa, ki ajiye bandejin gefe a duba zuciya da huhu tukuna. Haka ba a naɗawa ko a tausa kan ƙari, ko rauni, ko ɗinki, ko gaɓar da ta kumbura ta yi zafi, ko in yana zazzaɓi. Zafin jikin kare na lafiya tsakanin digiri 38 ne zuwa 39.2.

Game da ko kimiyya ta tabbatar, gaskiya binciken da aka yi a kan TTouch kansa kaɗan ne. Wanda aka fi ambata a kan rigar matsi ne mai suna ThunderShirt, an wallafa shi a 2014, Temple Grandin, masaniyar halayyar dabbobi, na cikin waɗanda suka yi, karnuka 90 masu matsalar fargaba aka raba gida uku, masu riga a ɗame, masu riga sako-sako, da marasa riga. Waɗanda aka ɗame musu bugun zuciyarsu bai tashi kamar na sauran ba da aka bar su su kaɗai, a halayya kuwa bambancin kaɗan ne. Ki lura karnuka ne masu tsoro ba masu ciwon gaɓa ko ƙoda ba, kuma riga ce mai faɗi ba siririn bandeji ba, don haka kar wani ya karanta wannan ya je ya tamke tsohon kare. Yadda Anti ta ce sako-sako, haka za ki yi.

Tambayarki ta ƙarshe ita ta fi burge ni. Ki taɓa shi na sakan 3 zuwa 5 ki ɗauke hannu ki jira. In ya matso, ko ya tura hannunki da hanci, ko ya gyara kwanciya ya ba ki wajen, ki ci gaba. In ya kau da kai, ya yi hamma, ya lashi hanci, ya riƙe numfashi, fatar wajen ta yi tsalle, ko ya juyo da sauri ya kalli hannun, to ya ce a'a ke nan, ki koma inda ya yarda. Kuma ko bai taɓa cizo ba a rayuwarsa kada ki kai fuskarki kusa da bakinsa lokacin da kike taɓa wajen ciwo, a kuma hana yara, ciwo yana sa mai haƙuri ya kai hari ba da son ransa ba.

Maman_Zaki:

Kai jama'a nagode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti na gwada na kunnen ɗazu da yamma kuma ya karɓa, da na ɗauke hannu sai ya ɗago kai ya bi hannun da hanci, amma da na gangara wajen ƙugu ko da bayan hannu ne sai ya fara lasar hanci ya juya kai, na bar wajen. Bandejin ban naɗa ba tukuna, zan fara ƙirga numfashin yau da dare kamar yadda Likita ya ce. Ɗan Auta maganarka ta shige ni don Zaki irin masu sandarewar nan ne.

Likita dan Allah ƙarin tambaya, in ana zafi fa, bandejin ba zai ƙara masa haki ba? Sannan yawan shan ruwan da yake yi shi ke tashinsa fitsari cikin dare, wani ya ce in riƙa ɗauke kwanon ruwan da yamma, ya halatta?

Kawu:

'Yata sannu. Kafin Likita ya dawo bari in sa baki a kan abin da ba a taɓo ba, wato inda yake kwana da inda yake takawa, don na ga mutum ya iya tausa sosai amma kare yana kwana a kan siminti.

In ɗakinki tayil ne ko wani daɓe mai santsi, rabin rawar ƙafar nan tsoron zamewa ne. Ki shimfiɗa masa wani abu marar santsi tun daga makwancinsa har ƙofa da wajen ruwa, za ki sha mamakin yadda tafiyarsa za ta canja. Ki duba faratansa, tsohon kare ba ya yawo balle su cinye da kansu, in suka yi tsawo suna ƙwanƙwasa ƙasa sai su karkatar da tafin ƙafa su ƙara wa gaɓa wahala, a yanke, da gashin da ke tsakanin yatsu. Katifa kuma mai kauri wadda in kin danna da gwiwar hannu ba ki jin ƙasa, amma kar ta yi tudun da sai ya yi hawa.

Kullum in kina shafa shi ki riƙa duba gwiwar hannunsa ta gaba, da ƙashin ƙugu, da gefen idon sawu, nan ne gyambon kwanciya yake farawa, da fari gashi ne zai zube wajen ya yi ja. In ya kai lokacin da ba ya iya juyawa da kansa sai ki riƙa juya shi bayan awa 2 zuwa 4, kuma ta ƙarƙashin ciki ake juyawa ƙafafu na ƙasa, ba a kama ƙafafu a wuntsila shi ta baya. Wajen tashi ki ninka tawul ki zura ta ƙarƙashin cikinsa dab da cinyoyi ki riƙe bakin biyu a sama, ki ɗauke masa kaɗan daga nauyin, shi ya yi sauran, kar ki ɗaga shi gaba ɗaya don ƙafar da ba ta aiki da wuri take shanyewa.

Tunda ƙugun bai yarda da hannu ba, ki gwada ɗumi. Tawul a ruwan ɗumi ki matse sosai, ki gwada a cikin wuyan hannunki, in ya yi miki zafi to ya yi masa yawa, ki ɗora minti 10 zuwa 15 ki goge wajen ya bushe. Nawa da ya ƙi a taɓa masa baya sam, bayan ɗumin yakan bari in ɗora hannu, ba na ma motsawa, in ɗora kawai mu zauna.

Sannan ki samu kalanda ki riƙa sa alama kowace rana, ta yi kyau ko ba ta yi ba, ya ci, ya sha, ya yi barci, ya kaɗa wutsiya da ya gan ki. Wanda yake tare da mara lafiya kullum ba ya ganin canji, takarda ce take nuna masa. Ke ma ki samu wanda zai karɓe ki wani daren ki yi barci, kare yana jin hannun da ya gaji kuma yana jin mai shi in hankalinta a tashe yake.

Likitan_Dabbobi:

Kawu Allah ya ƙara girma, duk abin da ka faɗa haka yake, musamman santsin ƙasa.

Hajiya ruwa kam kada ki ɗauke, ko da dare ko da rana. Ƙodar da ta yi rauni ba ta iya tace fitsari ya yi kauri, ruwa mai yawa take zubarwa, shan da yake yi maye gurbi ne, in kika hana shi jikinsa zai bushe cikin sa'o'i kuma ƙodar ta ƙara lalacewa. Gara ki kawo kwanon kusa da makwancinsa, ki fitar da shi fitsari dab da kwanciya, ki shimfiɗa leda da tsohon zani a ƙarƙashi ko da ya kuɓuce masa, in kuma ya jiƙe a goge shi a busar da wuri don fitsari yana ƙona fata.

Zafi kuma e, ki kiyaye. Kare ta haki yake fitar da zafin jikinsa, gumi kaɗan yake yi ta tafin ƙafa, don haka duk abin da ya rage wa ƙirji walwala a lokacin zafi ba alheri ba ne. In ana zafi ki bar bandejin da tawul ɗin ɗumi, ki tsaya a kan kunne da kafaɗa a wuri mai iska. In kin naɗa kika ga hakin ya ƙaru maimakon ya ragu, ki kwance nan take.

Kalandar da Kawu ya ce, akwai ma'aunin da wata likitar dabbobi a Amurka, Alice Villalobos, ta tsara don irin wannan jinyar, abu 7 ake ba maki daga 0 zuwa 10: ciwo, ci, sha, tsafta, walwala, motsi, da ko ranakun daɗi sun fi na wahala yawa. Ki riƙa cikewa duk mako ki je da shi asibiti. Kuma yau da dare in ya fara zagayen ki ɗauke shi bidiyo da waya ko na minti ɗaya ne, a ga tafiyarsa daga gefe da daga baya da yadda yake kwanciya, saboda karnuka da yawa in sun shigo asibiti tsoro yakan sa su miƙe su ɓoye ɗingishin, sai likita ya ga kamar da sauƙi. Ki haɗa da adadin numfashin da kika ƙirga da jerin duk magungunan da yake sha da awar da kike ba shi.